Ranar da Na Wuce Ƙofar Gwaggo

Dogo Tebo,
Potiskum.

Zuwa ga ɗana Bulus,

Ina gaishe ka da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya riƙe mu har muka ga wannan rana. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya, ka sami wurin kwanciya da abokan zama nagari. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a makarantar da ka tafi, ya raba ka da ciwo da tsautsayi. Mamanka tana gaishe ka, ita ce ma ta cusa takardar nan a cikin jakarka, tsakanin kayan sawa.

Labarin gida ba zan ba ka ba, tunda yanzu ka baro shi. Na so in yi maka wannan magana baki da baki, amma ka san halina, in na fara zance mai nauyi sai in ɓige da maganar katako da ƙusa. Abin da ya sa na ɗauki biro wata kalma ce da ka faɗa ranar da sunanka ya fito a cikin waɗanda aka ɗauka aikin ɗan sanda. Muna cin abinci a tsakar gida, ƙanwarka ta tambaye ka ko ba ka jin tsoro, ka ce mata, "Aikin ai a fili yake. Ga mutanen kirki, ga ɓata-gari, mu kuma mu tsaya a tsakaninsu." Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma tun daga ranar maganar take yawo a kaina, domin ni ma da irin wannan tunanin na tashi, kuma ya kai ni inda ban so ba.

Ina saurayi a ƙauyenmu, can gaba da Mamudo, na shiga ajin baftisma. Faston da ke koya mana dattijo ne mai sanyin murya. Wata rana ya ce mana dukan 'yan Adam masu zunubi ne, babu wanda ya fita. Ya ce ba ayyukanmu kaɗai ne suka karkace ba, ita kanta zuciyar da ayyukan ke fitowa daga cikinta a karkace take. Na ɗaga hannu na ce, "Baba Fasto, har da Gwaggo Laraba?"

Kai a tsufanta ka san Gwaggo, bayan idonta ya tafi. Yayar mahaifinmu ce, ita ta riƙe ni da Bappanka Dauda da mahaifiyarmu ta rasu. A lokacin nan ba ta taɓa taka majami'a ba, al'adar kakanninmu take bi. Amma baƙo bai taɓa kwana da yunwa a ƙauyen ba muddin akwai hatsi a rumbunta, kuma in naƙuda ta kama mace ita ake aikawa a kira, ko da ruwan sama ake yi. Na kasa gane yadda za a sa mace irin wannan a layi ɗaya da ɓarawon awaki.

Fasto ya ce, "Har da ita, Ishaya, har da ni. Amma kada ka ɗauka ina nufin kirkinta na ƙarya ne. Allah ne ya yi ta cikin kamanninsa, kuma faɗuwar ɗan Adam ba ta share kamannin nan gaba ɗaya ba. Je ka tambaye ta, za ta fi ni iya ba ka amsa."

Na je na same ta tana surfen gero. Da na faɗa mata abin da aka koya mana da abin da na tambaya, sai ta jingine taɓarya ta ce, "Wa ya gaya maka ni mai kirki ce? Kai tuwon da nake zubawa kake gani. Ba ka jin abin da nake faɗa a raina lokacin da nake miƙa wa mutum ƙwaryar." Ta yi dariya, ta ci gaba da aikinta.

Na ɗauka wasa take yi. Aka yi mini baftisma, na haddace amsar da ake so, na rufe tambayar. Wannan shi ne kuskuren da sauran suka tsiro a kansa. Da na ci gaba da tono, da na gane cewa matar nan ta fi ni sanin abin da fasto yake nufi, ita da ba ta taɓa zama a ajinsa ba. Don haka, ɗana, in wata tambaya ta dame ka game da bangaskiyarka, kada ka binne ta don tsoron a ce ka raunana. Ka riƙe ta, ka yi ta juya ta, ka tambayi na gaba da kai. Allah ba ya tsoron tambayar ɗansa.

Muka dawo gari, na koyi kafinta, na yi aure. Aikina mafi yawa a kasuwar shanu yake, ina buga katakon da ake raba shanu da shi a cikin tirela. Benci da yawa na majami'armu ni na yi su, kuma ba a daɗe ba aka zaɓe ni cikin dattawan ikilisiya. Dauda kuwa lodin shanu yake yi, kuma a nan ya koyi sha. Ni ba na sha, ba na neman mata, ba na fashin sujada. Kowace Lahadi ina buɗe baki tare da jama'a in ce ni mai zunubi ne, amma in gaya maka gaskiya, duk lokacin da na faɗi haka fuskar Dauda nake gani.

Wata rana ya zo bikin aure a majami'a a buge, ya yi ta surutu har ya ture teburin kyaututtuka. Dattawa suka zauna a kan maganarsa. Wasu suka ce a ja masa kunne a bar shi. Ni na tashi na ce a'a, a sa shi ƙarƙashin horo, wato a hana shi cin Jibin Ubangiji, a sanar a gaban kowa, don kada a ce an raga masa saboda ƙanena ne. Na yi magana mai kyau ƙwarai. Aka bi shawarata, har wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce ikilisiya tana bukatar irina.

Na dawo gida, mamanka ta kawo abinci. Na cinye na nemi ƙari. Tana kwashe kwanuka ta ce, "Maigida, na zaci yau ba za ka iya cin komai ba. Ashe ma ka fi kullum ci."

Har yau ban ce hukuncin kuskure ne ba, Dauda ya yi abin da ya yi. Abin da nake mamaki shi ne daɗin da na ji. Daga ina ya fito? Mutum yana yin abin da yake daidai, da hujja mai kyau, a wuri mai tsarki, amma can ƙasa wani abu yana murna don ɗan'uwansa ya faɗi shi kuma yana tsaye. Ban san sunan wannan abu ba a lokacin. Yanzu na san shi ne abin da fasto ya kira karkatar zuciya. Kai za ka riƙa kama masu laifi, kuma sau da yawa gaskiya tana wurinka. Ka kama su, aikinka ne. Amma ranar da ka ji ƙirjinka yana buɗewa don ka ga mutum a durƙushe a gabanka, ka tsaya ka bincika kanka kafin ka ci gaba da bincikarsa.

Sai shekarun nan da gari ya rikice suka zo. Kana yaro, amma na san kana tunawa da ƙarar bindiga da yadda muke kwana da takalma a kusa. Gwaggo a lokacin tana zaune a unguwar Yindiski, a wani ɗaki da muka kama mata, idonta ya riga ya rufe. Ta karɓi bangaskiya a tsufanta, kuma ni ne nake kai mata hatsi da itace. Na sha gaya mata, "Gwaggo, in ta kai ga gudu, ke zan fara ɗauka." Da zuciya ɗaya nake faɗa.

Wata safiya ta kai ga gudun. Unguwa ta hargitse, kowa yana ɗaure kaya, jita-jita tana ta zuwa, wannan ya ce an tare hanya kaza, wancan ya ce an ƙone wuri kaza. Da ƙyar na sami mai keke Napep ya yarda ya kai mu tasha. Na ce masa mu bi ta Yindiski mu ɗauki tsohuwa, ya yarda. Muna shiga layinsu sai muka ji harbi, ba kusa sosai ba, amma ba nesa ba. Ga ƙofar gidan ina kallo, har ina ganin tabarmar da take shanyawa a kan danga. Mai keke ya rage gudu ya ce, "Baba, nan ne?"

Na ce, "Wuce."

Mamanka ta ce, "Gwaggo fa?"

Na ce, "Zan dawo in ɗauke ta."

Kana kan cinyata lokacin. Na san tun kafin maganar ta gama fita daga bakina cewa ba zan dawo ba. Muka sami mota, muka tafi Bauchi wurin dangin mamanka. A hanya na yi ta jera wa kaina hujjoji: ga yara, ga mace, keken ya cika, tsohuwa ba ta iya sauri. Duk gaskiya ne. Amma tsayawar ba za ta fi shan ruwa daɗewa ba, kuma na sani.

Washegari da rana muna zaune a harabar gidan da muka sauka, ban iya kallon idon kowa ba, sai ga Dauda ya shigo, jikinsa duk kashin shanu, yana riƙe da hannun Gwaggo.

Abin da ya faru shi ne, da ya ji an ce mun tafi, ya tambaya ko da tsohuwa, aka ce ba a gan ta a keken ba. Ya taka da ƙafa har Yindiski, ya goya ta, ya bi lungu-lungu da ita har kasuwar shanu. A can ya sami Alhaji Modu, wani dillalin shanu Babarbare da nake yi wa aikin katako, yana ƙoƙarin fitar da tirelarsa ta ƙarshe daga gari. Alhaji ya sauke ɗansa daga gaban mota ya sa Gwaggo kusa da direba, ya cire hularsa ya ɗora wa Dauda don kada a gane shi a hanya, ya ce ya hau sama cikin masu kula da shanu. Ya ce wa direban, "Duk wanda ya tambaya, wannan uwata ce, asibiti za a kai ta."

Na tambayi Dauda daga baya ko bai ji tsoro ba. Ya ce, "Yaya, na ji tsoro ƙwarai. Kuma kada ka ce ƙarfin giya ne, ranar ko ɗigo ban samu ba."

To ka ga inda lissafina ya watse. Dattijon ikilisiya ya wuce, wanda aka hana Jibin Ubangiji ya koma, wanda kuma ba addininmu ɗaya ba ya sa kansa da dukiyarsa a haɗari. Ba ɓoyayyen labari ba ne, ka sha jin guntunsa a bakin mutane. Ina so dai ka ji shi daga wurina cikakke, don ka san cewa babu wanda ya san abin da ke cikinsa sai ranar da aka matse shi. Kada ka yi saurin rantsuwa da kanka. In ka ji abokin aikinka ya yi abin kunya don tsoro, kada ka ce kai ba za ka taɓa yi ba. Ka ce Allah ya riƙe ka, kuma ka roƙe shi da gaske tun kafin ranar ta zo.

Da ƙura ta lafa muka dawo, na je kasuwa yi wa Alhaji Modu godiya. Na same shi a rumfarsa yana shan shayi. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, wata tambaya ce take cina. Me ya sa ka yi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa yake numfashi. Ya ce, "Malam Ishaya, tsohuwa ce makauniya. In na bar ta, me zan gaya wa Allah?" Sai ya ƙara da cewa, "Amma kada ka ɗora ni inda ban kai ba. Akwai wasu da suka roƙe ni a ranar nan na ce mota ta cika, alhali da wuri. Ina tunawa da su in na zo salla."

Na koma gida ina ta juya maganar. Na girma ina ɗauka cewa kirki na gaske a cikin garkenmu kaɗai yake, na waje kuma kwaikwayo ne. Ga mutum ya yi abin da ni na kasa, kuma ga shi da irin nauyin da nake ɗauke da shi. Ban bar bangaskiyata ba, har gobe na gaskata ceto ta wurin Almasihu yake. Amma na daina yi wa Allah iyaka a kan inda zai shuka alheri. Inda za a tura ka aiki za ka zauna da Musulmi da Kirista da wanda ba ya zuwa ko'ina. In ka ga nagarta a wurin mutum, ka kira ta da sunanta, ka gode wa Allah da ya sa ta a wurin, ka koya. Kada ka tsaya neman dalilin da zai sa ka rage mata daraja.

Abin da na yi bayan haka wauta ce ta wani fanni, kuma ita ce mutane ba su cika ganewa ba. Na ajiye aikin dattijo. Na daina jagorantar addu'ar safe a gida, mamanka ta karɓa. Na ce ni ruɓaɓɓe ne tun daga tushe, duk abin kirkin da na taɓa yi neman yabo ne. In na ga mai bukata na sa hannu a aljihu, sai wata murya ta ce mini munafunci ne, sai in fitar da hannun wayam. Wurin Gwaggo kuwa na daina zuwa gaba ɗaya, hatsinta ma ta hannun mamanka nake aikawa. A ganina tawali'u nake yi.

Damina ta kusa, sai Gwaggo ta aiko a kira ni. Na je na durƙusa daga bakin ƙofa. Na fara magana, ina cewa ban cancanci in shigo ba, ban cancanci ta kira ni ɗa ba. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta ce, "Ishaya, ka gama?"

Na ce, "Gwaggo, ban san yadda zan nemi gafararki ba."

Ta ce, "Na ji kekenku ranar nan. Kunnena bai mutu ba. Na ji ya rage gudu, na ji ya wuce, na kuma zage ka a raina zagi mai kyau. Kafin mu kai Bauchi na yafe maka, don ni ma an yafe mini abubuwan da ba ka sani ba. Kai ne ka ƙi karɓa. Da kana ganin ka fi kowa kirki, yanzu kana ganin ka fi kowa lalacewa. Kullum dai sai ka fi kowa." Ta nuna sama da sandarta ta ce, "Kwanon ɗakin nan yana yoyo, kuma baƙin cikinka bai toshe ko huda ɗaya ba. Ka zo da guduma gobe."

Na zo da guduma. Ina kan rufin ɗakin nan ne na fara gane abin da ake nufi da alheri, bayan shekarun da na yi ina koya wa wasu shi. Da ina yin aikin kirki kamar mai tara shaida don ranar shari'a. Da shaidar ta rushe, sai na ga babu amfanin yin komai. Ashe an riga an karɓe ni tun ban yi komai ba, da sanin abin da zan yi a layin Yindiski. Aikin kirki kuma godiya ce, ba kuɗin shiga ba. Niyyata a kan rufin nan ba tsarkakakkiya ba ce, akwai son a ce na gyaru a ciki. Amma ruwa bai ƙara zuba a kan tsohuwa ba. Saboda haka, ɗana, kada ka jira sai zuciyarka ta wanku tas kafin ka yi abin da ya kamata. Ka yi, ka roƙi Allah ya wanke niyyar a kan hanya. In kuma ka faɗi, ka tuba, ka gyara abin da zai gyaru, ka tashi. Daɗewa a kwance ba ya ƙara wa tuba nauyi.

Saura Bappanka. Bayan dawowarmu ikilisiya ta ɗage masa horo, ya tsaya a gaba ya yi tuba, mutane suka yi ta kuka. Ni kuwa na ɗauke shi na kai shi sama. Duk inda na zauna sai na ba da labarinsa, ina cewa ga tsarkakakke a cikinmu ba mu sani ba. Ya daɗe bai sha ba. Sai wata ranar kasuwa aka zo shagona aka ce in je in ɗauke shi, yana kwance a bakin kwata.

Na yi fushi fiye da na farko, kamar wanda aka yaudara. Da ya farfaɗo na ce masa, "Ka ba ni kunya. Bayan duk abin da na faɗa a kanka?"

Ya ce, "Yaya, ni na sa ka faɗa? Wanda ya goyi Gwaggo ni ne, wanda ka tsinto a kwata ma ni ne. Da ka ga na biyun kaɗai, yanzu kana so ka ga na farkon kaɗai. Ni kuwa da su biyun nake kwana nake tashi. In za ka taimake ni, ka zo ranar kasuwa da yamma mu taho gida tare, lokacin ne abin yake fin ƙarfina."

Shi ya sa kake ganin ina rufe shago da wuri ranar kasuwa. Wani lokaci muna yin nasara, wani lokaci kafin in isa ya riga ya zame. Ban san yadda labarinsa zai ƙare ba. Na dai san yana addu'a da hawayen da ni ban taɓa yi ba, kuma da Gwaggo za ta cika, hannunsa ta nema.

Har yanzu akwai abubuwan da ban gane ba, kuma ina jin daɗin tunaninsu in ina aiki ni kaɗai. Me ya sa mutum zai san daidai sarai, ya so daidai, ya kuma aikata akasinsa? Me ya sa wani ke samun ƙarfin hali a ranar da wani ya rasa, alhali ba wanda ya fi wani shiri? Jaririn da ake kawowa majami'a a yi masa addu'a, yaushe karkatar nan take fara nunawa a cikinsa, kuma yaushe kamannin Allah? Na ga duka biyun a wurinka tun kana ƙarami: kana ƙwace abin hannun ƙanwarka, in ta yi kuka kuma ka fi ta kuka. Na tambayi fastoci da dama, kowa ya ba ni abin da ya samu, kuma na ƙaru. In ka haɗu da wani mai zurfin tunani a can, ka tambaye shi, ka kawo mini abin da ya ce in ka zo hutu. Wataƙila ma aikinka ya nuna maka abin da kafinta bai gani ba.

Abin da na tabbatar kaɗan ne. Layin da kake cewa za ka tsaya a kansa yana nan, amma ba tsakanin mutane ya bi ba, ta cikin kowane mutum ya ratsa, har da mai kaki. Wannan ba zai hana ka aikinka ba. Wanda ya yi sata ya yi sata, wanda aka zalunta yana da hakkin a bi masa, kuma tausayin da zai sa ka saki mugu ya koma ya cuci marar ƙarfi ba tausayi ba ne. Ka tsaya da ƙarfi. Kada ka karɓi abin da ba naka ba, ko da kowa yana karɓa, domin abin da ya fara da ɗan kaɗan ba ya tsayawa a nan. Ka nemi majami'a tun makon farko, ka kuma nemi mutum ɗaya da za ka iya gaya wa gaskiyar kanka ba tare da ka yi mata kwalliya ba.

Ranar da za ka fara sa wa mutum ankwa, ka tambayi sunansa, ka kira shi da shi. In yana jin ƙishi ka ba shi ruwa. Kada ka ɗaga masa hannu bayan ya riga ya shiga hannunka. Akwai wata uwa ko wani uba a wani gida da suka yi masa addu'a irin wadda nake yi maka yanzu, kuma Almasihu bai mutu dominka fiye da yadda ya mutu dominsa ba.

In kuma wata rana kai ne ka yi abin da ba ka zaci za ka iya ba, kada ka ɓuya mana. Ka hau mota ka zo gida. Ba zan ce maka ba komai ba ne, in komai ne. Amma za ka tarar da uban da ba shi da bakin yin mamaki, za mu durƙusa tare, sannan in raka ka ka je ka gyara.

Ubangiji ya yi maka jagora a fitarka da shigarka. Ya tsare ranka daga harsashi da haɗarin hanya, ya tsare hannunka daga zalunci, ya ba ka barci mai daɗi da shugabanni masu adalci. Ya dawo mana da kai lafiya, muna raye muna gani. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Ishaya.